Mai Kashe Wuta Shi Ma Yana da Gida

Jawabin da mushen lakwal ɗin garinmu ya yi a taron ƙungiya na bayan kaka



Ranka ya daɗe Maigari, Allah ya gafarta Malam Liman, shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayenmu dattawa maza da mata, ƴan'uwa da kuka taso daga Damagaram, da Yamai, da Agadas, da Kano, da kuma waɗanda ba su sami zuwa ba amma takardar nan za ta iske su inda suke, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da kaka.

Ƴan biro sun ɗora mini magana a kan ƴan kashe wuta na garin nan. Na karɓa da kunya, don a wurin nan akwai waɗanda suka fara bugun wuta da ganyen sabara tun ba a haife ni ba. Dalilin da ya sa aka zaɓe ni shi ne, littafin da ake rubuta sunayen masu aikin yana hannuna. To, littafin nan kowace shekara ramewa yake yi. Mutum ya zo da dare, ya yi sallama, mu gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce: Mushe, a cire sunana bana. Kuma cikin waɗanda suka zo, ba wanda ya ce mini tsoron wuta yake ji. Wannan ya ce geronsa ya kwana uku a gona ba a ɗauko ba. Wancan ya ce maiɗakinsa tana da tsohon ciki. Wani ya ce shi kaɗai ne namijin da ya saura a gidansu, yayyensa duk sun tafi biɗa. Watau abin da ke cire mutane daga aikin nan daga cikin gida yake fitowa. Shi ya sa na ga ya kamata mu yi maganar gidan a fili, gaban iyayenmu mata, mu bar cewa yaran yanzu ragwaye ne.

Kafin nan, bari in tuna mana inda muke tsaye. A ƙasarmu ƴan kwana-kwana, waɗanda muke kira pompiye, soja ne, suna da barikinsu a manyan garuruwa, lambar kiransu 18. Mutane ne masu ƙoƙari, ba na raina aikinsu. Amma motarsu ba ta tashi sama. Ɗakin kara mai jinkar ciyawa, in wuta ta kama shi ana iska, kafin ka gama alwala ya zama toka. Motar da za ta taso daga birni ta biyo hanyar rairayi, abin da za ta tarar shi ne hayaƙi da masu jaje. Ko cikin birni ma wuta takan fi ƙarfin mota. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ƴan'uwanmu mazauna Kano sun ga yadda kasuwar Sabon Gari ta ci wuta a watan Maris na 2016, shaguna dubbai suka tafi a dare ɗaya. In haka ta faru inda ake da famfo da mota, to mu masu jan guga mu san cewa pompiyen garin nan mu ne da kanmu.

Wutar da ke tashinmu iri biyu ce. Akwai gobarar cikin gari, gajera mai zafi, awa ɗaya an gama, ko an ci nasara ko an yi hasara. Akwai kuma wutar daji, ita ce mai cinye kwanaki. Tana farawa da zarar ruwa ya ɗauke, karangiya da gamba sun bushe, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga gabas maso arewa. Abin mamaki, shekarar da Allah ya ba mu damina mai kyau ita ce shekarar da wuta ta fi samun abinci. Kun tuna ruwan 2024, wanda ya kai ga rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram a farkon watan Satumba. Irin wannan damina ciyawa takan kai ƙugun mutum, kuma abin da ke faranta ran makiyayi shi ne ke hana shi barci. A 2021 hukumomi sun ba da lissafin fiye da hekta dubu 500 na makiyaya da wuta ta cinye a ƙasar nan. A jiharmu, mutanen Tanut, da Belbeji, da Gure, da Tesker sun fi kowa saninta. Mafarinta kuwa ƙarami ne kullum: garwashin shayi da matafiyi ya bari bai rufe da ƙasa ba, guntun taba, yara masu farautar gafiya, mai ɗibar zuma. Dokar gandun daji ta 2004 ta hana cinna wa daji wuta, ta kuma tanadi horo, amma doka ba ta kashe wutar da ta riga ta tashi.

Yanzu ku lura da lokacin. Watannin da wutar daji ke farawa su ne na yankan gero, da ɗaurin dami, da roron wake, da cirar gyaɗa, lokacin da yini ɗaya na magidanci ya fi mako ɗaya na bazara daraja. Da an gama zuba hatsi a rumbu kuma, sai motoci su fara kwasar samari: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Tun 2014 da aka ga zinariya a Jado, wuraren haƙar zinariya na arewa suka ƙara jan wasu. Ban ga laifin kowa ba, abin da kuke aikowa shi ke riƙe gidaje da yawa har damina ta zagayo. Amma sakamakon shi ne, daidai lokacin da gari ya fi bukatar ƙarfi, lokacin ne ƙarfin ke cikin mota. Waɗanda suka rage, ƴan kaɗan ne, kuma su ɗin dai ake kira yau, su ake kira gobe.

Mu shiga gidan ɗaya daga cikinsu, mu ga abin da ke faruwa in an yi yekuwa. Maigida ya aje lomar da ke hannunsa, ya sari reshe, ya fita. Jama'a sukan bi shi da kallo da addu'a, ba mai waiwayen abin da ya bari. In gobarar cikin gari ce, ruwan da matarsa ta yi sammako ta jawo, ta cika randa da jarkoki don girki da wankan yara, shi za a fara kwasa. Kowa ya san abin da ruwa yake a ƙasar Damagaram, inda birnin kansa ya daɗe yana fama da ƙishi. Wuta ta mutu, kowa ya watse yana godiya ga Allah, gari ya waye ita ba ta da ko na dama fura. Dangar da aka kayar don a yanke wa wuta hanya, ba mai komowa ya tayar. Awakin da aka kwance don kada su ƙone sun bazu, ita da yara za su yi ta bin gari suna cigiya.

In wutar daji ce kuwa, abin ya fi haka tsawo. Ya tafi da la'asar, dare ya raba bai komo ba, waya ba ta shiga inda suke. Tana ganin jan sama daga tsakar gida, ba ta san ko yana bayan wutar ko yana gabanta ba. In ya komo, ido ja, ƙirji yana tari, tafin ƙafa ya yi bororo don takalmin roba ya narke. Kwana biyu ba ya iya sunkuyawa. In mai barema ne, kuɗin kwana uku sun tafi. In mai kabu-kabu ne, esansin da ya ƙona wajen kai mutane da komo da su daga aljihunsa ya fito. In kuwa tsautsayi ya faɗa, aka kai shi gidan likita, majo ya rubuta magani, to akuyar matar ce za a kai kasuwa. Mu da aka tsirar wa da rumbuna mukan je mu ce sannu, Allah ya ba da lada. Lada tana nan in Allah ya yarda, amma ba a dafa ta a tukunya.

Saboda haka in mace ta tare ƙofa ta ce wa mijinta yau kam ba inda za ka, ni ban ga rashin imani a nan ba. Ta yi lissafi ne, kuma lissafinta daidai ne. Shi ma da ya ture hannunta ya fita yana da gaskiya, don ya san in ba a tare wutar a dajin ba, har rumbunsa za ta iso. Mutum biyu, kowa da gaskiyarsa, suna faɗa a kan abin da gari duka ya kamata ya ɗauka. Mu kuma makamin da muke da shi ɗaya ne, kunya. Wanda bai fita ba a yi masa habaici a majalisa, a ce mijin-ta-ce. Kunya takan fitar da mutum sau ɗaya, sau biyu, sa'an nan ta kai shi tasha ya hau mota, don a Agadas ba mai yi masa yekuwa.

Iyayena za su ce, a zamaninmu ba a yi wannan dogon zance ba. Gaskiya ne, kuma ina so mu duba dalili. Bayan 1974, da Seyni Kunce ya karɓi mulki, an farfaɗo da samariya a kowane gari. Sarkin samari ya sa a buga ganga, a fita a gina aji, a dasa itace, a share hanya, kuma bayan gangar nan akwai idon sufure. Amma akwai wani abu da ya fi ganga da sufure, shi ne gandu. A lokacin, gida ɗaya za ka sami uba da ƴaƴansa huɗu ko biyar da matansu, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. In biyu sun tafi wuta, uku suna gona. In ɗaya ya ji rauni, tuwon ƴaƴansa bai fasa zuwa ba. Gandu shi ne ke biyan kuɗin gayya ba tare da kowa ya lura ba. Yau gandu ya watse a yawancin gidaje, gonaki sun rarrabu sun ƙanƙance, kowa da ƴar tukunyarsa. Nauyin da gida mai mutum ashirin yake ɗauka jiya, yau mace ɗaya da goyo a baya ke ɗaukarsa. Zuciyar samari ba ta canza ba, Baba, gidan ne ya canza.

A lakwal, hoton da ke cikin littafin Faransanci yakan nuna pompiye da jar mota da hular ƙarfe, yaro ya zaci a Faransa duk ma'aikatan albashi ne. Na Paris dai soja ne tun zamanin Napoleon, a 1811, kuma irin tsarinsu ne muke gani a biranenmu. Amma a ƙasar baki ɗaya, kusan 8 cikin 10 na masu kashe wuta ƴan sa-kai ne: manomi, mai gashin burodi, malamin lakwal kamata. Abin da ya kamata mu ɗauka a wurinsu ba mota ba ce, don ba mu da ita. Mutum yakan faɗi ranakun da yake da hali, a rubuta, ba a kiransa a sauran. Ana ba shi ɗan abin hasafi a kan awoyin da ya yi. In ya ji rauni a bakin aiki ana yi masa magani, in ya rasu ana duba iyalinsa. Duk da haka, su ma suna kukan samun sababbin mutane yana wuya, saboda aiki da iyali. To in masu wannan gata suna kuka, mu da ba mu ba da ko kofin ruwa kada mu yi mamakin ramewar littafinmu.

Ga abin da nake roƙon taron nan ya duba. Gobarar cikin gari ta kowa ce, ba a yi mata layi, duk mai ƙafa ya fito. Wutar daji ita za a yi wa tsari. A raba waɗanda ke gari kashi uku, kowane kashi ya riƙe mako ɗaya. Mai mako ya san ba ya nisa, sauran kashi biyu su yi harkarsu da kwanciyar rai, ba a taɓa su sai wuta ta fi ƙarfin na farko. Mutum ya san makonsa, matarsa ta san makonsa, sai su shirya: a ɗauko dami kafin ya zo, a cika randa, a aje ɗan abin cefane. Rabin faɗan da ake yi a gidaje daga rashin sani yake, wuta ba ta sallama, amma mu muna iya sanin wa za ta fara tasa.

Kada a sa mutum biyu na gida ɗaya cikin kashi ɗaya, ko wa da ƙane ne, ko uba da ɗa. Ba na son in faɗi dalili da baki, kowa ya gane. Wanda matarsa ta kusa sauka, a ɗauke masa har a yi arba'in. Haka mai jinyar uwa ko uba. Wanda shi kaɗai ne namiji a gidansu a ba shi aikin cikin gari, ya kula da duro da igiyar rijiya, ya tsare yara kada su bi sawun manya. Kuma a faɗi wannan daga bakin Maigari, a gaban kowa, don kada gobe wani ya yi musu gori.

Sa'an nan biyan bashi, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Wanda ya yini a wuta, gari ya ci masa bashin yini ɗaya. Kashin da bai fita ba su je gonarsa washegari, su ɗaure masa dami, su kawo gida. Gidan da aka kwashe wa ruwa, amalanke ya zagaya da safe ya cika musu randa kafin a ɗora tukunya. Dangar da aka kayar a tayar da ita a ranar. Wannan ba ya cin ko dala, kuma ba baƙon abu ba ne, gayyar da muka gada ce aka juyo da ita wajen wanda ya yi mana gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani, amma mun saba tunawa da haka ranar ɗora jinkarmu kaɗai.

Yanzu na juyo gare ku, yayyena da ƙannena na birni. Rumbun da ake tsarewa, na uwarka ne. Ɗakin da ka aiko da kuɗi aka yi wa kwano, yana cikin garin. Ba ka nan ranar wuta, ba laifinka ba ne, amma kana iya kasancewa a nan ta wata hanya. In mutum 100 suka ba da jika 2 kowanne a shekara, jika 200 ke nan, kuma aikowa ba ta da wuya yanzu, ga Nita ga Amana. Da wannan za a sayi duro a aje cike da ruwa a kowace unguwa, da shebur, da manjagara, da takalman fata, a zuba wa masu babur esansi, abin da ya saura a aje shi don magani kaɗai, kada a taɓa shi don biki ko tarbar baƙo. Na san abin da ke ranku, an sha yin asusu a garuruwa ya bi ruwa. Don haka a sa hannu uku kafin kuɗi su fita, ɗaya na mace, kuma a buga lissafin shiga da fita a cikin takardar nan ta ƙungiya kowace shekara, tamma bisa tamma.

Na ce ɗaya na mace, na ga wasu suna murmushi. Iyayenmu mata sun daɗe cikin aikin nan ba a rubuta sunansu ba. Su ke jera layi daga rijiya, su ke fid da yara da tsofaffi, su ke dama fura a kai daji. Magajiya ta zaɓo mata biyu su zauna cikin kwamiti. Kuma ina roƙon duk wanda zai ba da sunansa bana ya fara shawara da maiɗakinsa. Sunan da aka rubuta da yardar gida ya fi daɗewa a littafi.

Abu mafi girma da muke bin iyali shi ne mu maido musu da mutuminsu da ƙafarsa. A nan dattawa sun fi ni sani, ina maimaitawa ne don samari. Ba a tarar wutar daji gaba da gaba in ana iska, ta fi ka gudu, ta fi doki ma wani lokaci. Ana bin ta ta gefe, ana tsayawa a wajen da ya riga ya ƙone, don nan ne mafaka in iska ta juya. Wuta tana hawan tudu da sauri fiye da yadda take gangara, kada kowa ya tsaya a samanta. Rigar nailan tana narkewa ta manne da fata, a sa ta auduga, a rufe hanci da rawani, don hayaƙi kan kayar da mutum kafin harshen wuta ya taɓa shi. Wutar tarba, wadda ake cinnawa don ta ci ciyawar da ke gaban babbar, aikin gwani ne, ba mai kunna ta sai da umurnin shugaban kashi ko ma'aikacin gandun daji. A ƙirga mutane wajen fita, a ƙirga su wajen komowa. Ɗan lakwal kuwa ba shi da wuri a can, duk wanda na gani zan kamo kunnensa da kaina.

In wani ya ƙone, ruwan sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa a wurin, kamar minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta. Tufar da ta manne kada a ja ta. Kada a fasa bororo. Kada a shafa man goge haƙori, ko ɗanyen ƙwai, ko tawada, ko kashin shanu, waɗannan su ke sa gyambo ya ruɓe. Ƙunar da ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaba, ko wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko kowace ƙuna a jikin ƙaramin yaro, gidan likita za a nufa ba tare da jiran safiya ba.

Daren da ya fi daɗi ga iyali shi ne wanda ba a yi yekuwa ba, don haka aikin rana ɗaya da sanyin safiya ya fi dare goma na guje-guje. Hanyar tare wuta da ma'aikatan gandun daji ke koyarwa, a share ciyawa ƙal faɗin mita 15 zuwa 20, a yi ta a gicciye da inda iska ke fitowa, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Ciyawar da aka kwashe ba a yar da ita, a bazara kuɗi ce. A share gindin rumbuna, a raba tsakaninsu, a daina jingina kara da harawa a jikinsu. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun shafe shekaru tun wajen 1980 da wani abu suna rainon gawo a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har baƙi na zuwa gani. Ƙaramin gawon da ka tsare shekara uku, wuta minti ɗaya ta ishe shi. A cikin gida, toka mai rai kada a zuba ta gindin danga, a kashe wuta kafin a kwanta, kuma Malam Liman ya fi ni sanin cewa wannan horo ne tun na addini. Masu sayar da esansi a kwalba su fid da jarkoki daga ɗakin kwana. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, tukunyar gaz ta yawaita har ta fara shigowa ƙauye. In kun ji wari, a rufe kanta, a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana. Wutar esansi ko ta man tuya ba a watsa mata ruwa, ƙasa ake zubawa ko a rufe da murfi.

Saura lakwal, kuma ku yi mini haƙuri in muryata ta canza. Ranar 13 ga Afrilu 2021, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, wuta ta kama azuzuwan zana, yara aƙalla 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar da shida. A watan Fabrairu 2023 abin ya iso cikin Damagaram, yara 3. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara cikin ajin zana, kuma a lokacin an ce azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai wajen dubu 36. Kafin a gina mana na siminti, abin da ke hannunmu shi ne kowace rumfa ta sami ƙofa biyu, a bar tazara tsakanin rumfa da rumfa, mafi ƙanƙantar yara su shiga ɗakin gini manya su zauna a rumfa, masu tuyar ƙosai su matsa nesa da danga, a aje duro ɗaya da tulin rairayi a farfajiya. Ina koya wa yara fita a layi in na buga ƙarfe sau uku, kada ku tsorata in kun ji shi ranar Alhamis. Wannan aiki kojes ba za ta iya ita kaɗai ba, ina neman mutum huɗu na yini ɗaya kafin sanyi ya tsananta.

Ranka ya daɗe, abin da ke bukatar bakinka yau shi ne rabon kashi uku da maganar waɗanda za a ɗauke wa. Maganar jika 2 ta ƴan birni ce, su tattauna kafin motar yamma ta tashi, su ba ma'aji amsa. Littafin yana nan bisa tebur, zan zauna da shi har magariba, in kuma Magajiya ta yarda, bayan sallar la'asar zan zo wajen iyayenmu mata in karanta musu sunayen, su faɗa mini gidan da bai kamata a taɓa ba bana.